Lambar Wat a Jikin Kwali Ba Ita Ce Ƙarfin Amfilifaya Ba

Duk wanda ya shiga kantin kayan sauti da niyyar haɗa sinima a falonsa, abu na farko da za a nuna masa shi ne lambar wat. Wannan 1,000, wancan 3,000, farashi kuma yana hawa yadda lambar ke hawa. A ganina, cikin duk bayanan da ke jikin kwalin amfilifaya mai layuka da yawa, babu wanda ya kai wannan lamba ɓatar da mai saye. Amfilifaya ita ce ya kamata a saya daga ƙarshe, bayan an san girman ɗaki, an zaɓi lasifikoki, an kuma san irin wutar da za ta ci.

Dalili na farko yana cikin kunnen ɗan Adam. Ana auna ƙarar sauti da desibel, kuma ƙa'idar ita ce idan aka ninka wat sau biyu, ƙarin da ake samu desibel 3 ne kacal. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato a ninka wat sau goma. Ke nan tsakanin amfilifaya mai wat 100 a kowane layi da mai wat 120, bambancin bai kai desibel ɗaya ba, kuma da wuya mai zaune a kujera ya gane shi. Amma kuɗin da za a ƙara masa saboda wannan wat 20, aljihunsa zai gane.

Dalili na biyu ya fi damuna, domin ya shafi gaskiyar ciniki. Lambar wat ba ta da ma'ana sai an faɗi yadda aka auna ta. Tun a 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda kamfanoni sun maida lambar abin gasar talla. Har yau dabarun ba su ƙare ba. Wani kamfani zai kunna layi ɗaya tak, ya ba shi sauti guda, ya bar muryar ta fara gurɓata, ya rubuta abin da ya samu, sannan ya ninka sau bakwai ya buga a kwali. Wani kuma zai rubuta PMPO, ma'aunin da ba shi da ƙa'idar da aka amince da ita, wanda da shi ƙaramin akwati zai iya iƙirarin dubban wat. Gaskiyar ita ce duk layukan daga taransifoma ɗaya suke shan wuta, kamar famfo bakwai da ke jan ruwa daga tanki guda: idan aka buɗe su gaba ɗaya, kowanne sai ya rage zuba. Abin nema shi ne ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba yankewa, an auna shi a kan lasifika mai om 8, daga haz 20 zuwa 20,000, da gurɓata ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, a kan layuka biyu aƙalla. Sannan a leƙa bayan na'urar a ga yawan wutar da take ja. Wadda aka rubuta tana cin wat 300 amma take alƙawarin 150 sau bakwai, ta cancanci a yi mata tambaya.

Lasifika ce ke yanke hukuncin yawan ƙarfin da ake buƙata. Kowace lasifikar kirki tana zuwa da lambar da ke nuna ƙarar da take fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai desibel 90 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke nema don su kai ƙara ɗaya. Mai 88 kuwa, da wat 10 kawai za ta kai 98, alhali masana lafiyar ma'aikata suna gargaɗi kan zama awa takwas cikin ƙarar desibel 85. Akwai kuma batun om. Lasifika mai om 4 tana jan wuta fiye da mai om 8, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba za ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar fim.

Mai ja da wannan magana zai ce sautin fim ba ya tafiya a miƙe: ana raɗa, sai ga fashewa, kuma amfilifayar da ƙarfinta ya ƙare takan datse kan sautin, abin da ke ƙona ƙananan lasifikoki masu fitar da siririyar murya. Wannan gaskiya ne, kuma a ma'aunin gidajen sinima kowane layi yakan kai desibel 105 a ƙololuwa. Sai dai hujjar tana goyon bayan ƙarfi na gaskiya ne, ba lambar talla ba. Ƙari ga haka, sauti mai kauri shi ne ya fi cin wuta, kuma a tsarin sinimar gida ana miƙa duk abin da ke ƙasa da haz 80 ga wufa, wato lasifikar sauti mai kauri, wadda galibi tana da tata amfilifayar a ciki. Da an sauke wannan kaya, na'ura mai wat 70 ko 80 na gaskiya ta ishi matsakaicin falo.

Wani kuma zai ce gara a sayi mai layuka tara ko sha ɗaya saboda gaba. Amma a dubi tarihi: tsarin 5.1 na Dolby Digital ya shiga sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park, Dolby Atmos mai lasifikoki a sama ya zo a 2012. Darasin wannan tarihi shi ne ɓangaren da ke fassara sauti da mashigan HDMI su ne ke saurin tsufa, don haka layin da aka biya yau ba a jona masa komai ba, wataƙila kafin a jona na'urar ta zama tsohon yayi. Yawancin abin da ake kallo a YouTube ma da layi biyu yake zuwa. Ya fi amfani a zuba kuɗin a lasifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da mafi yawan maganar 'yan wasa, a kuma zaɓi na'ura mai makirufo na daidaita sauti da ɗaki, kamar Audyssey a Denon da Marantz ko YPAO a Yamaha. Falo mai tayil da bangon siminti yana amsa kuwwa, kuma kafet da labule masu kauri za su gyara maganar da ƙarin wat ba zai gyara ba.

Saura wuta da zafi, inda mai saye a Kano ko Maraɗi yake da lissafin da mai saye a Turai ba shi da shi. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka da bolt 120 suke aiki, namu kuwa 220 zuwa 230 ne, saboda haka amfilifayar gwanjo tana iya ƙonewa a jonawar farko idan ba a karanta bayanta ba. Wutar da ke hawa da sauka tana buƙatar sitabilaiza mai ƙarfin da ya wuce abin da na'urar ke ja. Ga mai dogaro da sola da batir, nau'in da ake kira aji D yana maida kusan kashi 90 na wutar da ya ci zuwa aiki, yayin da aji AB ke zubar da kaso mai yawa a matsayin zafi. Kowanne aka saya, kada a kulle shi cikin kabad a watan Afrilu, a bar masa sarari ta sama, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan shan iskarsa.