Zaɓen Farfela ga Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Gabatarwa

A cikin shekarar 1964 kamfanin Pontiac na ƙasar Amurka ya fito da wata mota mai suna GTO. Abin da aka yi shi ne, an ɗauki injin babbar mota mai silinda 8 aka dasa shi a cikin matsakaiciyar mota. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu, har a shekarar 1970 Chevrolet ya fitar da Chevelle mai ƙarfin doki 450. Irin waɗannan motoci su ne Amurkawa suka yi wa laƙabi da "masu ƙwanji". Yayinsu ya ja baya saboda dokokin hana hayaƙi da tsadar inshora da kuma takunkumin man fetur na 1973, amma har yanzu masu sha'awarsu suna gyara su, suna ƙara wa injin ƙarfi, suna canza giya, sa'an nan su hau titi da su.

Wannan lacca ta shafi ƙarfe guda ɗaya ne da yawanci akan manta da shi a wajen wannan gyara, watau farfela. Za a bayyana aikinta, da hanyoyi biyu da take lalacewa, da kuma kayan da ake ƙera ta da su, domin a ga abin da ya kamata mai mota ya duba kafin ya zaɓa.

Aikin Farfela

Farfela doguwar sanda ce mai rami a ciki kamar gora, wadda ke kwance a ƙarƙashin mota. Injin waɗannan motoci yana gaba ne, tayoyin da ke tura su kuwa suna baya, saboda haka ita ce ke ɗaukar juyin da ya fito daga akwatin giya ta miƙa shi ga aksul na baya. A kowane bakinta akwai mahaɗi mai siffar gicciye, wanda makanikai ke kira kuros, shi ke ba ta damar ci gaba da juyi ko da tayoyi suna hawa da sauka a kan gargada. Louis Renault na Faransa ya yi amfani da farfela maimakon sarƙa tun 1898, Clarence Spicer na Amurka kuma ya fara ƙera irin wannan mahaɗi don motoci a 1904.

Murɗewa da Lilo

Hanya ta farko da farfela ke lalacewa ita ce murɗewa, kamar yadda mai wanki ke murɗe zane don ya matse ruwa. Wannan yakan faru ne a lokacin tashi, domin giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin murɗar inji fiye da sau biyu. Idan aka sa faffaɗan tayoyi masu kama ƙasa sosai, duk wannan ƙarfi a kan farfela yake sauka a cikin ƙiftawar ido. Maganin wannan sananne ne: ƙarfe mai ƙwari, da bango mai kauri, da babban kuros.

Hanya ta biyu ta fi haɗari, kuma ita ce mutane ba su cika sani ba. Kowace doguwar sanda da ke juyi tana da wani gudu wanda idan ta kai shi sai tsakiyarta ta fara lanƙwasa tana lilo kamar igiyar tsallen yara, tana jijjiga motar baki ɗaya, har ta karye. Injiniya Rankine na ƙasar Sikotlan ya yi rubutu a kan wannan al'amari tun 1869. Ana iya kiran wannan gudu iyakar lilo, kuma abu uku ne ke ƙayyade shi: tsawon sandar, da faɗinta, da kuma tsaurin abin da aka yi ta da shi idan aka gwada da nauyinsa.

Tsawo shi ne babba a cikinsu, domin idan aka ninka shi sau biyu iyakar lilo takan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Alal misali, bisa lissafi, farfelar baƙin ƙarfe mai faɗin inci 3 da tsawon inci 50 tana kai wa iyakarta a wajen juyi 7,800 a minti. Idan tsawon ya zama inci 55 sai iyakar ta sauko zuwa 6,500, idan kuwa inci 60 ne sai ta koma 5,400. A aikace ma adadin yakan gaza haka. Wannan ne dalilin da ya sa ake raba farfelar manyan motocin ɗaukar kaya gida biyu ko uku, a riƙe tsakiya da wani abin tallafi.

Yanzu sai a dubi abin da gyara ke jawowa. Mota mai taya inci 26 da ke gudun kilomita 160 a awa, tayarta tana juyi kusan 1,285 a minti. Da giyar baya mai lamba 3.08, farfela za ta yi juyi kusan 3,960. Idan mai mota ya sa mai lamba 4.10 don ya sami saurin tashi, a wannan gudun dai sai ta kai 5,270. Haka nan kuma akwatunan giya na zamani suna da giyar sama wadda ke sa farfela ta fi inji saurin juyi. Ke nan mutum na iya duba allon mota ya ga inji yana tafiya cikin natsuwa, alhali farfela tana dab da iyakarta.

Kayan Ƙira

Baƙin ƙarfe na gama-gari shi ne wanda motocin suka fito da shi daga kamfani. Yana da araha, yana jure bugun dutse, kuma kowane ƙwararren mai walda zai iya rage masa tsawo ko ya gyara shi. Aibinsa nauyi da tsatsa.

Akwai kuma ƙarfe mai lamba 4130, wanda aka gauraya da kuromiyam da molibdinam. Ya fi na gama-gari jure murɗa nesa ba kusa ba, shi ya sa masu tsere suke son sa. Amma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin ƙwari dabam, tsauri dabam. Tsaurinsa da nauyinsa kusan ɗaya ne da na baƙin ƙarfe, saboda haka idan tsawo da faɗi ba su canza ba, iyakar lilonsa ma ba za ta canza ba. Wanda ya saye shi don maganin jijjiga a babban titi ya kashe kuɗinsa ne a kan cutar da ba ita ke damunsa ba.

Na uku shi ne gorar ruwa, yawanci mai lamba 6061. Nauyinta kusan sulusin na ƙarfe ne, amma tsaurinta ma sulusi ne, don haka su biyun sai suka kashe juna. Amfaninta na gaskiya shi ne, tun da ba ta da nauyi, ana iya faɗaɗa ta zuwa inci 3.5 ko 4 ba tare da ta yi wa mota yawa ba, faɗin kuwa shi ke ɗaga iyaka. Ƙarin rabin inci kawai a kan farfela mai tsawon inci 55 yana kai iyakar daga 6,500 zuwa wajen 7,600. Sai dai tilas a auna ko akwai wuri a ƙarƙashin motar, a kuma san cewa tana saurin lotsewa, kuma waldarta sai gwani.

Na huɗu shi ne zaren kabon, wanda ake naɗawa a ɗaure da wani irin ƙaro. Shi kaɗai ne a cikin huɗun yake da tsauri mai yawa tare da rashin nauyi, saboda haka shi kaɗai ke ɗaga iyakar lilo ba tare da an ƙara faɗi ba. Idan ya karye kuma yakan tarwatse ne kamar bakin tsintsiya, ɓarnarsa ba ta kai ta ƙarfe. Amma shi ya fi tsada, ba ya son zafin bututun hayaƙi, bakunansa da gam ake manna su, kuma tsakuwa na iya yi masa rauni a ciki wanda ido ba zai gani ba. In ya sami rauni, sai dai a sake wani.

Sauran Sharuɗɗa

Kome kyawun sanda, ba za ta fi ƙarfin kuros ɗinta ba. Yawancin tsofaffin motocin suna da ƙananan kuros ne kamar mai lamba 1310, masu gyara kuwa sukan koma mai lamba 1350. Lalle ne kuma a daidaita nauyin farfela a kan na'ura, a tabbatar karkatar bakunanta biyu ta zo daidai, yawanci tsakanin digiri 1 zuwa 3.

Har ila yau akwai batun rai. Idan farfela ta ɓalle ta gaba mota tana cikin gudu, bakinta yakan caki kwalta ya ɗaga bayan motar sama, ko kuwa ta fasa ƙasan motar daidai inda direba yake zaune. Domin haka ne hukumar tseren motoci ta NHRA, wadda aka kafa a 1951, ta wajabta wa motoci masu sauri sa zoben ƙarfe da zai tare ta kusa da kuros na gaba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin zoben bai taka kara ya karya ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa zaɓen farfela da awo yake farawa. Mai mota zai fara sanin tsawon da yake bukata, da juyin da farfela za ta yi a iyakar gudunsa, da ƙarfin da zai sauka a kanta a lokacin tashi. Idan gajera ce kuma ƙarin ƙarfin matsakaici ne, baƙin ƙarfe mai isasshen faɗi ya wadatar. Idan tashin tsere ne abin tsoro, 4130 ya fi dacewa. Idan doguwa ce mai saurin juyi, sai faffaɗar gorar ruwa, in kuma wuri ya yi ƙunci kuma aljihu zai ɗauka, sai zaren kabon. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a bar rata mai yawa tsakanin juyin da farfela za ta riƙa yi a kan titi da iyakar lilonta.