Rubuta haɗarin wurin aiki: abin da tsarin Amurka ke nunawa

Masu nazarin dokokin aiki a nan ƙasarmu sun fi sabawa da tsarin Faransa, inda ake buƙatar mai ma'aikata ya sanar da asusun inshora duk haɗarin da ya faru cikin awa 48, domin a biya wanda ya ji rauni. Irin wannan reshe ne CNSS ke kula da shi a Nijar. Tsarin Amurka ya bi wata hanya dabam, kuma bambancin ya cancanci a dube shi, domin a can ba don biyan diyya ake rubutun ba. Ana yin sa ne domin a san inda haɗari yake, a hana shi.

Dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1970, wadda shugaba Nixon ya sa wa hannu, ita ce ta kafa hukumar OSHA. Ta wajabta wa mai ma'aikata fiye da 10 ya riƙe kundin raunuka da cututtukan aiki, in ban da wasu sana'o'i masu ƙarancin haɗari. Tun 2002 takardun uku ne: ta 300, wato kundin shekara, ta 301, mai bayanin kowane haɗari, da ta 300A, taƙaitawar shekara, wadda ake liƙawa inda ma'aikata za su gani daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu. Ana shigar da haɗari cikin kwana 7, ana ajiye takardun shekara 5. Sanarwar gaggawa kuwa dabam take: tun 2015, mutuwa cikin awa 8, kwantarwa a asibiti ko yankewar gaɓa ko asarar ido cikin awa 24.

Wahalar tana wajen tantance abin da ya isa a rubuta. Doka ta raba taimakon farko da jinya. Idan ma'aikaci ya yanke a hannu aka wanke masa aka ɗaure, ba a rubutawa. Idan aka yi masa ɗinki, dole a rubuta. Ke nan rauni guda ɗaya yana iya shiga kundi ko ya kuɓuce masa, gwargwadon abin da malamin jinyar masana'anta ya zaɓa ya yi, alhali albashinsa daga hannun mai masana'antar yake fitowa.

Daga kundin ake fitar da ma'auni: a ninka adadin raunuka da 200.000, a raba da jimillar awoyin aiki. Wannan 200.000 aikin mutum 100 ne, awa 40 a mako, mako 50. Masana'anta mai awa 400.000 da rauni 10, ma'auninta 5 ke nan. Lissafin mai sauƙi ne, kuma sauƙin nasa ya jawo aka ɗora masa nauyin da bai iya ɗauka. A farkon shekarun 1980, hukumar ta ɗauki ƙa'idar cewa sufeto zai fara duba kundi. In ma'aunin masana'anta ya yi ƙasa da matsakaicin na ƙasa, sai ya juya ba tare da ya zagaya wurin aikin ba. Wanda aka ce ya ba da shaidar kansa, aka kuma yi masa alkawarin lada in shaidar ta yi kyau, ba sai an faɗi abin da zai rubuta ba. A 1987 hukumar ta yanke wa kamfanin sarrafa nama IBP tarar dala miliyan 2,59 saboda raunuka da cututtuka fiye da 1.000 da bai rubuta ba a mayankarsa ta Dakota City, a jihar Nebraska. Daga baya aka yi watsi da waccan ƙa'ida.

A ganinmu, ɗalibin da zai yi aiki da irin waɗannan alƙaluma, na Amurka ne ko na gida, ya kamata ya fara tambayar wa ya rubuta su, kuma me zai samu ko ya rasa in adadin ya hau. Raguwar adadi tana iya nufin aiki ya gyaru, tana kuma iya nufin ma'aikaci ya ji tsoron kai ƙara, ko an dawo da shi ya zauna a kusurwa don kada a ƙirga masa ranar rashin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da jagora kan rubutawa da sanarwa a 1996, sannan ta ƙara yarjejeniya a 2002, amma ita ma daga bakin mai ma'aikata bayanin ke farawa.

Cututtuka su ne suka fi ɓacewa. Karayar ƙafa tana da rana da sa'a da shaidu. Ciwon huhu da ƙurar dutse ko asbestos ke haddasawa kan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ya bayyana, lokacin da ma'aikacin ya daɗe da barin aiki ya koma garinsu, kundin shekarar da ya shaƙi ƙurar kuma tuni wa'adin ajiyarsa ya ƙare.