Gardama Kan Littafin Kuɗin Bitcoin

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin haraji, a Shagari ko a Bodinga, ya san ba a wasa da shafinsa. To, kuɗin nan na intanet da a ke kira Bitcoin shi ma littafi gare shi, sai dai ba a ofis guda ya ke ba. Dubban kwamfutoci a duniya kowace na riƙe da kwafinsa, ana ƙara shafi kamar kowane minti 10. Abin da ya shiga kuwa ba ya kankaruwa.

Tun shafin farko, ran 3 ga Janairu 2009, Satoshi Nakamoto wanda ya ƙago shi ya cusa kan labarin jaridar Times ta London a ciki. Watau mai littafin ne ya fara rubutu a gefe. A 2014 masu kula da manhajar Bitcoin Core suka keɓe ɗan gurbi mai cin harafi 40 domin irin wannan, daga baya ya zama 80. Sai a 2023 wani Ba'amurke, Casey Rodarmor, ya fito da dabarar Ordinals, mutane suka dinga tura hotuna, har guda ya kusa cinye shafi ɗungum.

Nan gardama ta kaure. Su Luke Dashjr suka ce wannan shara ce, a tace ta. Waɗansu suka ce wanda ya biya ladan rubutu ai ya sayi wurinsa, kuma in an rufe ƙofa ta katanga za a hauro, ɓarnar ta fi yawa. A Oktoba 2025 Bitcoin Core ta buɗe gurbin har harafi 100,000, masu ƙi da dama suka koma manhajar Knots.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna harka da irin kuɗin nan a Fabrairu 2021, ya janye a Disamba 2023, samarinmu kuwa ba su taɓa fasawa ba. Shafi ba ya cin kowa, wanda ya fi biya shi a ke fara rubutawa, kuma ba a duban yawan kuɗin da aka aika. Ran 20 ga Afrilu 2024, da masu cushe suka yi cunkoso, matsakaicin lada ya haura dala 100. A ganinmu nan hujjar masu cewa "ai ya biya" ta yi rauni: mai sayar da hoto ya biya ya wuce, wanda ɗan'uwansa zai aiko masa da dala 50 daga ƙetare kuwa sai ya jira layi ya ragu.