Malamar Jami'a Ma Tana Bukatar Uwar Ɗaki

A ƙauyukan Kunci, kamar sauran karkarar Kano, idan aka ce 'yar wane ta zama malamar jami'a, sai a ɗauka ta kai gaci. Alhali samun aikin somin-taɓi ne. Akwai matakai a gabanta: mataimakiyar lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babbar lakcara, mataimakiyar farfesa, sannan farfesa. A galibin jami'o'in Najeriya sai an yi aƙalla shekara 3 a mataki kafin a nemi na gaba. Mata da yawa, musamman a fannin kimiyya, sukan haye matakan farko lafiya lau, sai su zo tsakiya su maƙale shekara da shekaru.

Daɗewa a aiki kaɗai ba ta kawo ƙarin girma. Ana duba koyarwa da hidimar da malami ya yi wa jami'a, amma abin da ya fi nauyi a sikeli shi ne binciken da ya wallafa a mujallun ilimi. Mai neman matakai biyu na ƙarshe kuwa, sai an tattara maƙalunta an aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. Su abin da ke rubuce kawai suke gani. Ba su san dare nawa ta raba tana duba takardun jarrabawa ba.

To me ke riƙe ta? Je ka taron sashe ranar rabon ayyuka. Da an zo kan kula da ɗaliban aji ɗaya, ko tattara sakamakon jarrabawa, ko kwamitin walwala, sai ka ji an ce, "A ba Hajiya, ta fi mu haƙuri da yara." Kunya ta hana ta musu, ta karɓa. Ayyuka ne masu cin lokaci, amma makinsu kaɗan ne ranar ƙarin girma. Ga shi shekarun da ake so ta fi yawan bincike su ne shekarun goyo da raino. Gwajin da ta dasa a ɗakin gwaje-gwaje ba ya jiran yaro ya warke daga zazzaɓi, kuma idan wuta ta ɗauke, firji ya huce, aikin wata guda ya tafi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Labarin tallafin bincike na TETFund, da sunan mujallar da ake mutuntawa, da wanda ke neman abokin rubutu, galibi a majalisar maza yake yawo, a gindin bishiya bayan la'asar ko a hanyar fitowa daga masallaci. Malama ba ta wurin. Kafin sanarwa ta iso teburinta, wasu sun riga sun cike fom.

Mata a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin uwar ɗaki, babbar da ke jan ƙarama a jiki, ta nuna mata hanya, ta tsaya mata a inda muryarta ba ta kaiwa. Irinta malamar jami'a ke bukata, kuma aikinta ya wuce cewa "ki yi haƙuri, lokaci ne". Za ta zauna da ita, kundin ƙa'idojin ƙarin girma a buɗe, jan biro a hannu: wannan maƙala ta shiga, wannan mujallar ta 'yan karɓar kuɗi ce, masu tantancewa za su watsar da ita, saura maƙala kaza, ga wa'adin kowace. Za ta koya mata yadda ake cewa a'a cikin ladabi. Za ta karanta takardar neman tallafinta kafin a aika, ta haɗa ta da masana na wasu jami'o'i, ta ambaci sunanta idan ana neman mai gabatar da maƙala. Inda babu farfesa mace a sashe, namiji mai mutunci zai iya wannan aiki, a ofis, a lokacin aiki, da sanin shugaban sashe.

Shirin AWARD, wanda aka fara a 2008 a Nairobi don matan Afirka masu binciken noma, a kan wannan aka gina shi: a haɗa mace da gogaggen masani ya yi mata jagora, ita ma daga baya ta ɗauki wata ƙarama. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, haka ta riƙa horar da malamai mata da ake kira jaji, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da matan da ake kira 'yan taru.

Batun hazaƙa kam an wuce wurin. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, haifaffiyar Wangara a Gezawa, ta yi aure tana shekara 18, ba ta shiga jami'a ba sai tana 29, amma ta zama masaniyar kimiyyar sararin samaniya a Jami'ar Bayero, ta kuma karɓi kyautar Gidauniyar Elsevier a 2015. Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai, ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Farfesa Hadiza Galadanci, mai bincike kan zubar jini bayan haihuwa, ta shiga jerin mutum 100 na mujallar TIME a fannin lafiya a 2024.

Me ya haɗa manomin Kunci da wannan? Farfesa ce ke zaɓen abin da za a bincika, ita ke jagorantar masu digirin digirgir. Ajiyar wake, matsar man gyaɗa, kiwon awaki da abincin yara duk a hannun mata suke, a cikin gidajen da baƙo namiji ba ya shiga. Masaniya mace ke iya zama a tabarma ta ji yadda ƙwari ke cinye waken da aka adana, ta mayar da shi tambayar bincike. Idan ta maƙale a tsakiya, tambayar ma ta maƙale.

Don haka kowace tsangaya, da kwalejoji irin na Bichi da Dambatta, ta haɗa malaman tsakiya da jagora a rubuce, a sa ranar ganawa, a lissafa jagorancin cikin aikin farfesa. Shugabannin sassa su riƙa juya ayyukan hidima tsakanin kowa. Miji da dangi kuwa su sani cewa barinta ta je taron masana a Zariya ko Ibadan, da riƙe mata yara na kwana uku, yana cikin abin da zai kai ta farfesa.