Ɓarawon Bayanai Ba Lallai Ya Biyo ta Intanet Ba

Da zarar an ambaci tsaron kwamfuta, sai hankali ya tafi ga kalmar sirri da 'yan kutse. Alhali bayanai a faifai suke kwance, ta waya suke tafiya, kuma duka biyun hannu na kai musu.

A watan Maris na 2011, wata tsohuwa a ƙasar Jojiya tana haƙa ƙasa don neman tagullar sayarwa, sai ta datse babbar wayar sadarwa. Maƙwabciyarsu Armeniya ta shafe sa'o'i babu intanet. Abin da ya sa ke nan ƙwararru ke saka waya cikin bututu, su nisanta ta da ta lantarki, su kulle akwatin da wayoyi ke haɗuwa, sannan su ja layi na biyu ta wata hanya dabam. Ko soket ɗin sadarwa da aka bari a ɗakin baƙi ya ishi mai mugun nufi.

Amma ni faifai ne ya fi tsaya mini a rai. A 2007, hukumar haraji ta Birtaniya ta aika fayafayan CD biyu zuwa wani ofishin gwamnati, suka ɓace a hanya ɗauke da bayanan mutum miliyan 25, har da lambobin asusun banki. A 2009 kuwa, ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi tsohon faifan kwamfuta a wata kasuwa a Gana kan dala 40. Da aka buɗe, sai ga takardun kwangilar kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka.

Mutane da yawa ba su san cewa goge fayil ba ya kashe shi ba. Kwamfuta sunansa kawai take cirewa daga jeri, kamar a cire lambar gida alhali gidan na tsaye. Sai an rubuta wani abu a gurbinsa yake gushewa; kafin nan, manhajar kyauta ma na iya dawo da shi.

Don haka asibiti ko bankin da zai yi gwanjon tsofaffin kwamfutocinsa, amanar jama'a ce a hannunsa. A rufe bayanai da makullin sirri tun ranar da faifai ya fara aiki, a riƙa rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya mayar. Idan ya tsufa, a shafe shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane gurbi, ko a farfasa shi a gaban shaida kafin ya bar harabar.