Abin Da Ke Sa Manhajar Karanta Labarai Ta Daina Aiki Bayan An Sabunta Saba, Da Hanyoyin Gyara Ta

Kamar yadda jama'a suka sani, a yau labarai da sanarwar hukuma sukan isa ga mutanen karkara ta wayar hannu tun kafin a lika su a allon sakatariya ko sanƙira ya zaga da su. Manomi a Yankara, da malamin makaranta a Ƙanƙara, da ma'aikacin lafiya a Sabuwa, duk sukan buɗe manhajar labarai domin sanin ranar rabon taki, ko lokacin allurar rigakafi, ko halin da hanyar Funtuwa zuwa Tsafe take ciki. Sai dai akan wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa, ko ta riƙa nuna labarin makon jiya, alhali ga sabis a waya, ga kuma data. Mun rubuta wannan bayani ne domin jama'a da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci cewa sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, kuma akwai matakan da mutum zai bi da kansa kafin ya kashe ko sisin kwabo.

Mene ne saba?

Labarin da muke karantawa ba a cikin wayarmu yake zaune ba. Yana ajiye ne a wata babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira saba, wadda tana iya kasancewa a Legas, ko Abuja, ko wata ƙasa ta Turai. Manhajar da ke cikin waya 'yar aike ce kawai: takan je wani adireshi da aka koya mata, ta nemi sababbin labarai, ta kawo mana. Masu kula da saba kuwa dole ne su riƙa sabunta ta lokaci zuwa lokaci domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Idan aka sabunta saba aka bar 'yar aiken da tsohon iliminta, to nan ne matsala take tasowa.

Ya kamata mu bambanta wannan da ɗaukewar sabis. Al'ummar wannan yanki ba za su manta da watan Satumba na shekarar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda dalilan tsaro, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka kuma shafe watanni a haka. A irin wannan hali babu kira, babu saƙo, babu intanet. Amma idan ana kira yana shiga, wasu shafuna kuma suna buɗewa, manhaja guda ce ta tsaya, to lamarin tsakanin manhajar ne da sabarta.

Dalilai huɗu da suka fi yawa

Na farko shi ne sauya adireshi. Tamkar a ɗauke tashar mota ne a mayar da ita bayan gari: direban da bai ji sanarwa ba zai ci gaba da zuwa tsohon wurin yana tarar da fili. Manhajoji da dama suna karɓar labarai ta wata hanya da ake kira RSS, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1999, kuma kowace kafar labarai tana da nata adireshin. Idan adireshin ya sauya, sai manhaja ta nuna lamba 404, ma'ana ba a sami abin da aka je nema ba. Shafuna da yawa sun kuma tashi daga adireshin da ke farawa da http zuwa https, musamman bayan da manhajar Chrome ta fara yi wa masu tsohon tsari tambarin rashin tsaro a watan Yuli na 2018.

Na biyu shi ne sauya harshen sirri. Waya da saba sukan ɓoye abin da suke faɗa wa juna ta wani tsari mai suna TLS. Na farkonsa ya fito a 1999, samfurin 1.2 a 2008, samfurin 1.3 kuma a 2018. A shekarar 2020 manyan manhajojin shiga intanet suka daina karɓar samfura biyu na farko, sabobi da yawa kuma suka bi sahu. Wayar Android wadda ba ta kai samfurin 5.0 na shekarar 2014 ba, manhajojinta da dama ba su iya sabon harshen ba, don haka saba takan ƙi sauraron su.

Na uku shi ne takardar shaida. Kowace saba takan nuna wa waya wata takarda da ke tabbatar da cewa ita ce ta gaskiya, kamar yadda dagaci ba zai yi aiki da wasiƙa ba sai ya ga hatimin hakimin da ya sani. Tun daga masana'anta ake saka wa waya jerin hatiman da za ta amince da su. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Let's Encrypt, wadda ke ba miliyoyin shafuna irin wannan takarda kyauta, wa'adin tsohon hatimin da ta dogara da shi ya cika ranar 30 ga Satumba, 2021, daidai lokacin da layukan yankinmu suke rufe. Tsofaffin kwamfutoci da wayoyin iPhone da ba su kai samfurin iOS 10 ba sun daina gane shafunan tun a ranar. An yi wa tsofaffin wayoyin Android wata dabara da ta ƙara musu lokaci, amma ita ma ta ƙare a 2024. Tun daga nan, wayar da ba ta kai Android 7.1.1 ba takan ƙi buɗe shafuna da yawa.

Na huɗu shi ne janye tallafi baki ɗaya. Kamfani yakan rufe sabar manhaja, kamar yadda Google ya rufe manhajarsa ta tattara labarai mai suna Google Reader ranar 1 ga Yuli, 2013, ko ya daina hulɗa da tsofaffin wayoyi, kamar yadda WhatsApp ya yi wa wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba a watan Oktoba na 2023. Irin wannan ba ya gyaruwa a hannun mai gyaran waya, komai gwanintarsa.

Matakan da za a bi

Muna ba jama'a shawarar su bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya.

1. A duba kwanan wata da agogon waya. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wayar da ta daɗe a kashe saboda rashin wuta, ko aka cire mata batir, agogonta yakan koma shekarun baya, sai ta ɗauki takarda mai kyau a matsayin ta bogi. A shiga saitin waya a gyara kwanan wata, a kuma zaɓi ta riƙa karɓar lokaci daga kamfanin layi.

2. A gwada buɗe shafin kafar labaran kai tsaye ta Chrome ko Opera Mini. Idan ya buɗe, laifin na manhajar ne. Idan aka ga lamba 500 ko 503, matsalar tana can wurin saba, ba abin da mai waya zai yi sai haƙuri zuwa wasu sa'o'i.

3. A goge ajiyar wucin gadi ta manhajar. A cikin saiti, a jerin manhajoji, akwai maɓallin da aka rubuta Clear cache a kansa. Danna shi ba ya taɓa hotuna ko lambobin waya, yana share tsofaffin bayanan da manhajar ta riƙe ne kawai.

4. A sabunta manhajar daga Play Store. Tun da wannan yana cin data, yana da kyau a bari sai an je inda sabis yake da ƙarfi, domin saukewar da ta yanke a tsakiya asara ce.

5. Idan manhajar ta RSS ce, a goge tsohon adireshin, a shiga shafin kafar a kwafo sabon, a tabbatar ya fara da https.

6. Idan duk wannan bai yi ba, a duba samfurin Android na wayar a sashen bayanin waya. In ya gaza 7.1.1, Opera Mini takan taimaka wajen karanta labarai, domin shafin yakan bi ta sabar kamfaninta kafin ya iso waya. Amma saboda wannan dalilin ne ma bai kamata a shigar da lambobin sirri na banki ta cikinta ba.

Akwai kuma alamar da ta shafi harshenmu. Wani lokaci haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito a matsayin alamar tambaya ko tarkacen rubutu. Wannan yakan faru ne idan ba a saita sabuwar saba bisa tsarin rubutu na UTF-8 ba, kuma gyaransa yana wuyan masu shafin. Idan kuwa ƙananan akwatuna ne suka fito, wayar ce ba ta da siffar harafin.

Abin da ya kamata a guje wa

Kada a yarda a wanke waya baki ɗaya saboda manhaja guda ta tsaya. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne: lambobi da hotuna da takardu za su salwanta, matsalar kuma tana nan, domin wanki ba ya ƙara wa waya samfuri. Haka kuma kada a karɓi manhajar da wani ya turo ta saƙo da sunan wai ita ce sabuwa. 'Yan damfara sukan fake da irin wannan lokaci. Babu wata manhajar labarai ta gaskiya da ke buƙatar lambar BVN ko NIN, ko lambar sirrin katin banki, kafin ta nuna labari.

Kira ga jami'ai

Jami'an yaɗa labarai da duk masu kula da shafunan hukuma suna da nasu nauyin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a sanar da jama'a ta rediyo da ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni kafin a taɓa saba. Idan adireshi zai sauya, a bar alamar juyawa mai lamba 301 a tsohon, wadda ke kai manhaja sabon wurin da kanta. A gwada sabon tsarin da ƙaramar waya irin wadda talaka ke riƙewa, a wurin da sabis ke da rauni, ba da kwamfutar ofis kaɗai ba. A kuma rubuta ranar da takardar shaidar shafi za ta ƙare, tun da wasu kwana 90 kacal suke yi.

Muhimmancin wannan a bayyane yake ga duk wanda ke zaune a yankin da labarin hanya kan iya zama batun rai. Duk ranar da sahihiyar kafa ta yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbinta a kasuwa da tasha. Saboda haka muna kira ga jama'a da su riƙe rediyo a matsayin madogara ta biyu, su tabbatar da labari kafin su yaɗa shi, sannan wanda ya fahimci waɗannan matakai ya koya wa maƙwabcinsa.