Idan Kwamfuta Ta Mutu, Yaya Ake Ceto Muryoyin Da Ke Cikinta?

A da, wanda ke son ajiye murya sai ya nemi rakoda da kaset. Yau a birnin Sakkwato da ƙauyukan kewaye, waya da kwamfuta sun karɓi wannan aiki. Ɗalibai suna naɗar karatun malamansu. Matasa masu waƙa suna haɗa ɗan ɗakin naɗar murya a cikin gida. Wasu kuma suna zama da tsofaffi, su ɗauki tarihin gidansu daga bakinsu.

To, wata rana sai a kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Hankalin mai ita ya tashi, domin wataƙila tsohon da aka naɗi muryarsa ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, sau da yawa muryoyin suna nan ba su ɓace ba. Asarar da ta fi yawa tana zuwa ne bayan lalacewar, wajen gaggawar gyara.

Ina murya take zama?

A cikin kowace kwamfuta akwai faifan ajiya. Shi ne rumbunta. Duk abin da aka naɗa yana shiga wannan rumbu da sunansa, kuma ana kiran kowane ɗaya fayil. Allon kwamfuta na iya mutuwa, batir ya ƙone, ko manhajar da ke tada ita ta rikice, amma faifan yana lafiya ƙalau. Kamar gida ne da ƙofarsa ta cije, alhali hatsi na nan cikin rumbu.

Ko fayil ɗin da aka goge ma ba ya tafiya nan take. A kwatanta da mai sito wanda ke rubuta sunan kowane buhu a littafinsa. Idan ya soke suna daga littafi, buhun yana nan a jingine. Sai ranar da aka kawo sabon kaya aka zuba a wurinsa, sannan za a ce ya tafi. Haka kwamfuta take yi. Saboda haka duk sabon abin da aka saka mata bayan matsala, yana iya hawa kan tsohuwar murya ya shafe ta har abada.

Me ke kashe kwamfuta a wannan yanki?

Na farko zafi. A watannin Maris da Afrilu, zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankar da ke sanyaya na'urar. Na uku ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, ko dawowarta da ƙarfi. Na huɗu faɗuwa ƙasa. Tsohon samfurin faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, don haka ɗan bugu kaɗan yana iya yi masa rauni.

Abin da za a yi da farko

A daina amfani da na'urar. Kada a yi ta kunnawa ana kashewa. Idan an ji faifan yana ƙas-ƙas ko yana gurnani, a kashe nan da nan, domin kowane juyi yana ƙara kankare shi. Kada a buɗe cikin faifan a gida, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata shi. Kada kuma a saka shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan wuta ce kawai ta ɗauke, kuma kwamfutar ta tashi daidai, sai a buɗe manhajar da ake naɗa da ita. Misali, Audacity, wadda kyauta ce, takan nuna aikin da ya katse, ta tambaya ko a dawo da shi. A amsa mata, sannan a ajiye. Idan kuwa gogewa aka yi bisa kuskure, a fara duba kwandon sharar kwamfuta, domin can fayil yake fara sauka.

A wurin mai gyara

Nan ne wurin yin hattara. Hanya mafi sauri ga mai gyara ita ce ya yi wa faifan fomat, wato ya share shi fes, ya zuba sabuwar manhaja. Kwamfuta za ta tashi kamar sabuwa, amma ceto muryoyin zai yi wuya ƙwarai. Saboda haka tun daga bakin shago, mai kaya ya faɗa a fili: “Malam, abin da ke ciki nake so tukuna, gyara daga baya.”

Mai gyaran da ya san aikinsa zai cire faifan, ya haɗa shi da wata kwamfuta mai lafiya, ya kwafe komai zuwa wani wuri. Idan fayilolin ba su bayyana ba, akwai manhajojin lalube. Recuva ɗaya ce daga cikinsu. Akwai kuma PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙira, ita ma kyauta ce. Tana tono murya da hoto daga faifai da memori, sai dai tana dawo da su da lambobi maimakon sunayensu. Dole a zauna a saurara ɗaya bayan ɗaya, a sake sa musu suna. Sharaɗi babba shi ne, abin da aka ceto a zuba shi a wani faifai dabam, ba a wanda ya lalace ba.

Yana da kyau mai kaya ya zauna a yi aikin a gabansa, domin a ciki akwai muryoyi da hotunan iyali. A kuma yi ciniki kafin a fara.

Ba kullum ake dacewa ba. Sabon samfurin faifai da ake kira SSD ba ya juyawa, kuma yakan share abin da aka goge cikin ɗan lokaci. Haka wayoyin zamani: idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, da wuya a sake ganin abin da ke cikinta. Memorin da ake cirewa ya fi sauƙin ceto.

Maganin da ya fi duka

Wannan matsala ba ta talaka kaɗai ba ce. A shekarar 1998, a Amurka, kamfanin Pixar ya goge mafi yawan aikin fim ɗinsa na yara Toy Story 2 bisa kuskure. Ajiyar da suka dogara da ita ma ta ƙi aiki. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya da ta haihu, tana aiki daga gida, kuma tana da kwafe a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999.

Sakkwatawa sun san wannan dabara tun kafin zuwan kwamfuta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, amma littattafansa, da na Abdullahin Gwandu, da Muhammadu Bello, da Nana Asma'u sun iso gare mu. Dalili shi ne almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu, suna kaiwa gari-gari. Idan na wani gida ya salwanta, na wani yana nan.

Masana suna ba da shawarar kwafe 3. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a memori ko filash, ɗaya kuma a wani gida dabam ko a intanet. Gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 ta nuna haɗarin tara komai wuri guda. Abin ba shi da tsada sosai. Muryar awa ɗaya a tsarin MP3 ba ta cika wuce megabayit 60 ba, don haka memori mai giga 8 zai ɗauki fiye da awa 100. Google Drive kuma yana ba kowa giga 15 kyauta.

A riƙa yin kwafe a ranar da aka naɗa, kada a ce sai gobe. A nannaɗe memori a takarda, a rubuta sunan mai magana da kwanan wata, a adana shi nesa da rana da ruwa. Lokaci-lokaci a ɗauko a saurara, don a tabbata yana aiki. Kwamfuta ana sayen wata a kasuwa, amma muryar kaka ba a sayenta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.